Kaset Uku a Ƙauran Namoda

Kaset uku Nomau ya bar mini
ran da ya hau jirgin ƙasa.

Na farko mace ce, muryarta a dushe
kamar wadda ta kwana jinya.
Ba na jin Turancinta,
amma in ta ja numfashi
ƙafata kan tsaya bisa keken ɗinki.

Na biyu tsoho da jitarsa,
a hankali, kamar mai neman rance.

Na uku samari ne.
Inna Kulu ta ce tukwane suke fasawa.
Shi na fi so.
Zarensa ya taɓa tsinkewa,
Nomau ya liƙe da jan farce.
Kullum a nan waƙar ke tuntuɓe,
ni kuma in ɗaga kai
in dubi ƙofar shago.