Irin Baɗi

A Gadarif, ɗakin baya, kusa da ma'aunin riɗi,
uwar garke biyu na gurnani ƙarƙashin fanka.
A cikinsu akwai bashin manoma ɗari huɗu da sha bakwai:
wanda ya karɓi iri, wanda ya karɓi man tarakta,
wanda ya ce a yi haƙuri sai girbi.

Hajji Tukur ya aje min takardu uku.
"Mu'awiya, zaɓi manhajar da za ta riƙe mana kwafi.
Ni ban san kan abin ba.
Kar dai ta lashe ribar bana."

Ta farko dillali ya kawo daga bakin teku,
yana ƙamshin turaren wuta.
Ya ce komai zai hau gajimare ya kwana a wata ƙasa.
Na ce, in layi ya yanke kwana tara fa, kamar bara?
Ya kurɓi gahawa, ya duba agogo.

Ta biyu kyauta ce,
irin kyautar maraƙi: kai za ka nemo ciyawa.
Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni,
wa zai tashi ya duba ta?

Ta uku ba ta da kwalliya,
lasisinta kuma da dala.

Sai na tuna kakata Gambo.
Irin dawarta kashi uku take yi:
rumbu, tulu, da gidan ƙaninta a Mai Wurno,
don gobara ba ta tsallake kogi.
Kuma ba ta yarda da ko ɗaya
sai ta jiƙa ƙwaya goma a tsumma ta ga tsiro.

Daren Alhamis, bayan isha'i,
na goge kwafin littafin Nafisa akanta da hannuna,
na ce wa ukun: ku dawo min da shi.
Ɗaya na jiran layi har asuba.
Ɗaya ta kawo, amma watan jiya ya ɓace.
Ta uku minti arba'in, har kwabon ƙarshe.

Hajji ya ga kuɗin, ya ture hula baya.
"Tsada."
Na ce, riɗi in ya zube a yashi, nawa ake biyan mai tsinta?

Yanzu duk mako faifai ɗaya na bin motar Kasala
a aljihun Siddiƙ direba,
naɗe cikin tsumma.