Sidi Tara

A hawa na biyu, bisa shagon taya a Adum,
inda fanka ke nishi kamar tsohon da ya hau tudu,
na rufe littafin watan Yuni, sidi tara sun ƙi zama.
Na cusa su cikin ƙananan kashe-kashe, na ja layi biyu.
Wa zai bi sawun sidi tara a Kumasi,
kuɗin da ba su kai kwanon shinkafa da wake ba?

Madam Pokuwa ta bi.
Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kira ni gaban jama'a ba.
Koren bironta ya zagaye wurin sau ɗaya,
ta rubuta a gefe: Ina suka fito?

Kwana uku ina tonon rasit, yatsuna sun yi baƙi.
Ranar na huɗu ta jawo kujera kusa da ni.
Ta ce, Muntaka, in bambanci ya rabu da tara ba saura,
nemi lambobin da suka yi musayar mazauni.
Ga shi kuwa: hamsin da huɗu ya koma arba'in da biyar,
ladan Lamnatu, mai dakon kaya daga Kejetiya,
wadda ta sa babban yatsa a takarda, ta tafi.
Ashe ba lamba na ɓoye ba,
guminta ne na share da gefen hannu.

Ƙarshen shekara takardar awo ta zo, shafi huɗu.
Sauri: biyar bisa biyar. Na gyara zama.
Bin diddigi: biyu.
Tambaya in ya rasa hanya: ɗaya,
wannan kuwa hannun Zuwera mai karɓar kuɗi ne, na san wawunta mai doguwar jela.
Har direbanmu Kwaku an ba shi layi,
ya ce yaron kirki ne, amma ba ya duban mutum in yana sa hannu.

Na shiga tirotiro zuwa Abuwabo, takarda na ƙuna a aljihu.
Na iske Baba a zaure, yana juya goro cikin ganye,
ɗari-ɗari, ba alƙalami, ba na'ura.
Na karanta masa, ina jira ya taya ni fushi.
Ya ɗauki guda, jajir, ya fasa da farce: ciki tsutsa.
Ya ce, wanda ya nuna maka wannan kafin huhu ya lalace,
ka ba shi ƙwarya guda tukwici.
Bai ƙara ba. Ya ci gaba da ƙirga.

Washegari aka miƙo mini tawa takardar, in auna Madam.
Hannuna ya yi rawa, amma na rubuta:
Tana gyara kamar mai ɗinkin ido,
sai dai in ta ji daɗin aiki, shiru take yi,
mu kuwa ba mu iya karanta shiru ba.
Ta karanta a tsaye, gilashi a kan hanci.
Ta daɗe.
Sannan ta ce, ka yi gaskiya, ka ci biyu da rabi.
Rannan na fara jin dariyarta.

Shekara shida ke nan. Fankar tana nan da nishinta.
Jiya sabuwar yarinya, Saratu daga makarantar akanta,
ta kawo mini littafi a rufe, layi biyu a ƙasa,
sidi goma sha takwas kwance inda ba gidansu ba.
Na buɗe aljihun tebur, koren biro ya mirgino.
Kafin in zagaye wurin, na ɗago na dube ta,
na ce, shafi na uku ya yi kyau ƙwarai.
Jawo kujera.