Ɗaki Mai Kallon Teku

Ƙarfe bakwai na safe a Gyaɗi-Gyaɗi,
ƙarfe takwas a garin da nake aiki,
garin da ƙafata ba ta taɓa takawa ba.
Na ɗora kwamfuta kan tsohon keken ɗinkin Inna,
na gyara mayafi, na toshe kunne da waya,
na tura kwanon koko inda kyamara ba ta gani.

Sana'ata sayar da barci ce a bakin Bahar Rum.
Otal mai ɗaki sittin da huɗu,
na san su fiye da gidajen layinmu.
Na san famfon lamba sha tara yana ɗiga,
na san a tagar talatin da biyu rana ke faɗuwa,
don haka kuɗinsa ya fi na 'yan'uwansa.

Wata tsohuwa ta rubuto daga ƙasar ƙanƙara:
"Ana jin igiyar ruwa da dare?"
Na ce ana ji, ranki ya daɗe, ita za ta yi miki reno.
Ban yi ƙarya ba, haka aka rubuta mini.
Ni abin da nake ji da dare
janaretan Alhaji Mamuda ne,
sai kwaɗin kududdufin bayan gida
da ba su san ranar hutu ba.

Inna ta ce, "Wane irin aiki ne wannan,
ba takalmi, ba gumi, ba kuɗin mota?"
Ƙarshen wata wayata ta yi tsuwa,
buhun shinkafa ya shigo da ƙafarsa,
sai na ji ta ta katanga tana gaya wa Tasalla:
"Ai Hansatu Turai take aiki,
amma tana sama, bari in kira miki ita."

Isiyaku ya tsaya da kurarsa a ƙofar gida,
jarka goma sha biyu suna kuka da juna.
Na dakatar da wani Bature mai neman wurin iyo,
na leƙa ta taga muna cinikin guda uku.
Ina sayar da teku kwana-kwana,
ina sayen ruwa jarka-jarka.

Kullum a taron safe akwai Marisa,
bayanta shuɗi shimfiɗe,
kamar an kwashe marinar Ƙofar Mata kaf
an juye wuri guda.
Wata takwas ina kallon shuɗin nan
ina haɗiye abin da ba zan faɗa ba.

Ran wata Laraba sabis ya yi tuntuɓe,
tekun ya yi rawa, ya yage, ya ɓace.
Sai ga bango mai tabon danshi,
igiyar shanya, safar yaro guda ɗaya,
da tukunya a kan kujera.
Ashe hoto ne.
Ta rufe baki, kunnuwanta suka yi ja.
Ta ce kuɗin haya ya kore su bayan dutse,
baƙi sun cinye unguwar da aka yanke cibiyarta,
rabonta da jiƙa ƙafa tun bara.

Ban ce komai ba.
Na danna, na cire nawa:
kantar littattafan da ban mallaka ba ta tafi,
ga keken Inna, ga fanka a tsaye cik, ga kwanon koko.
Muka yi dariya har shugabanmu ya yi gyaran murya.

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas,
ya sauka kan kwanon rufi kamar ana sheƙa gero.
Na juya mata kyamara waje:
layinmu ya zama kogi,
yara sun saki silifa suna tseren jirage,
Isiyaku ya fake a rumfar mai shayi, yau ba ciniki.
Ta matso da fuska har hancinta ya cika allon.
Ta ce, "Ɗaki mai kallon ruwa!
Nawa ne kwana ɗaya?"

Na ce, "Yi haƙuri, ranki ya daɗe,
a cike muke har ƙarshen damina."