Daga Sha Biyar Zuwa Sittin da Huɗu

An ba ni na'ura, an rataya mini kati a wuya,
an karanta mini doka mai layi ɗaya:
daga sha biyar zuwa sittin da huɗu,
ita ce mace mai shekarun aiki.
Wadda ba ta kai ba, a jira ta.
Wadda ta wuce, a yi mata sannu.

Na fara da Gangare tun hantsi bai dubi ludayi ba,
sanyin Jos na cizon yatsa ta cikin safa.
Lantana na bakin kasko.
Na ce, shekarunki nawa?
Ta juya ƙosai, ta juya tambayar:
"Wa ya ƙirga?
An dai ce ina bayan goyo
fam ya sauka, naira ta hau."
Na yi lissafi da ka, na danna,
akwati ya yi kore.
Ta naɗe mini uku a takarda, ladan shigar da ita.

A bayan Bukuru, bakin tsohon rami,
inda ruwa ya kwanta shuɗi kamar bai taɓa cin kowa ba,
Ngo Kachollom na tankaɗe kuza da ƙwarya.
Laka har gwiwa, duwatsu a tafin hannu.
Saba'in da ɗaya, in ji katin cocinta.
Na danna, akwati ya yi toka-toka.
Na ce, Ngo, kin wuce.
Ta ce, "Na wuce ina?"
Baki bakwai ke jiran abin da ya kwanta a gindin ƙwaryar nan.
Na nemi gurbin rubuta bakwai ɗin,
babu gurbi.

Farin Gada, kwanduna sun tare hanya.
Wata 'yar Uwani, biro a bayan kunne,
ta tashi daga makaranta ta zauna kan littafin bashi,
ta san wanda ya ɗauki tumatir bai biya ba tun Talata,
ta san dillalin da ke rage mudu.
Saura mata wata huɗu ta cika sha biyar.
Na'ura ba ta san saura ba.

Sai Rikkos, gida mai koren ƙyaure.
Rifkatu, ashirin da tara,
digiri a cikin leda, leda a ƙarƙashin katifa,
takalmin zuwa ganawa ya cinye dunduniya.
Na ce, ke kin shiga.
Ta yi wata irin dariya marar haƙora:
"To ki gaya musu na shiga,
su nuna mini kujerar."

Da magariba, a ofis, injin wuta na tari,
Malam Ɗanjuma ya ja kalkuleta:
mutum ɗari huɗu da sha biyu a yankina,
mata masu shekarun aiki ɗari da tara.
A raba, a ninka da ɗari.
Ashirin da shida da rabi.
Ya ce, madalla, lamba ta zauna.
Ni kuwa rabin nan ya tsaya mini a wuya.
Rabin wace ce?
Daga kugu zuwa sama, ko hannun da ke cikin laka?

Ban ce ma'auni ƙarya yake yi ba.
Da shi za a yanka kasafi,
da shi za a san yawan injin ɗinki da kujerun aji.
Mudu ne, kuma mudu ba ya auna abin da ya zube a tabarma.

Na iso gida bayan lisha.
Inna ta yi wa Sadiya wanka, ta goya ta ta yi barci,
ta wanke mini kayan gobe,
tuwo na rufe a kula, da sauran zafinsa.
Makon jiya ta cika sittin da biyar.
Ta ce, "Yau mata nawa kika samu?"
Na cire katin daga wuyana,
na ce, Inna, zauna tukuna,
bari in karɓi yarinyar.