Ɗakin Ajiya a Gidan Barmo

A Sawakin, bayan tsohon ofishin kwastan,
inda kyanwoyi suka gaje benaye,
akwai bango uku da rabin soro.
Larabawa na ce masa Baitu Barmo.
Mu dai gida muke cewa.

Kakan kakana ya baro Ɗanja da jaki biyu,
niyyarsa Makka.
Shekara tara yana tafe, yana ƙodago a gonakin mutane,
ya iso bakin Maliya aljihu wayam.
Sai ya shiga saran dutsen teku wa magina,
ana biyansa rabi da kuɗi, rabi da dutse.
Rabin nan ne gidan.

Alhazai suka gano ƙofar da ake amsa sallama da Hausa.
Duk mai shiga jirgin ruwa
sai ya sauke abin da ya yi masa nauyi:
sirdin raƙumi, tandu, allon ɗan da ya rasu a Darfur.
Wata mata ta ƙulle tsakiya bakwai a tsumma,
ta ce, "Malam, wata uku."
Barmo ya rubuta sunanta da ajami a jikin bango.

Wasu sun dawo sun karɓi nasu.
Ita shiru.
Shi kuwa bai taɓa ƙetarewa ba.
Jidda na can, tsallaken ruwa,
amma wa zai bar wa mabuɗi?
Ya mutu yana cewa baɗi.

Bara wani dillali ya zo da awon igiya,
ya shafa tagar katakon da ta rage,
ya faɗi kuɗin da ya sa ƙanena haɗiyar miyau.
Inna Dudu ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba.
Ta ce, "Tagar ta ɗakin ajiya ce.
Ku sayar da naku."

Ni ke sharar ɗakin ran Juma'a.
Gishiri na cin bangon kamar gara,
kowace damina sai na kwashe wani suna a matattarin shara.
Na matar nan ma ya tafi,
saura "ta Gaya" kawai, da wasali ɗaya a ƙasa.

To, in kai mutumin Gaya ne,
kuma an taɓa ba ka labarin kakar da ta yi gabas,
ka zo.
Ka tambayi masunta Gidan Barmo.
Tsakiya bakwai ne, na ƙirga su jiya.