Kwana Biyar Ba Turin Kura

Da asuba, a famfon Garin Malam,
na sunkuya zan ɗaga jarka ta takwas,
sai baya ya ce mini: tsaya nan.
Wata tsoka ta ƙulle a kwankwaso
kamar igiyar guga da ta jiƙa ta bushe.

Mutari ya kai ni likita a kabu-kabu,
ina cizon wuyan riga.
Lokotoro ta danna wurin da yatsa, na yi salati.
Ta ce ƙashi ƙalau yake,
nama ne ya yi fushi ya ƙi saki.
Ƙwaya ɗaya da dare, kwana biyar,
kar ka ƙara, kar ka tuƙa babur,
kar ka haɗa da na 'yan tebur.

Daren farko na ji ƙullin yana kwancewa
zare bayan zare.
Sai dai ba bayan kaɗai ta saki ba:
gwiwa ta zama kunu,
fatar ido ta ɗauki nauyin duwatsun Birni,
baki ya bushe, ni mai sayar da ruwa!
Cima na gaya mini kuɗin gero a Kasuwar Dole,
barci ya sace ni tsakanin tiya da farashinta.

Rana ta uku na yi ruku'u ban dafa bango ba.

Saura biyar a takarda.
Maƙwabci ya ce in san masa, wuyansa ya sage.
Na ce je ta danna maka da yatsa tukuna.
Gobe jarka shida zan ɗora, ba goma ba,
in durƙusa da gwiwa, yadda ta nuna.