Murfin Lagireto

Daga Aliero na ɗauro albasa,
Buhu goma sha biyu, har da na bisa,
Tsohuwar Fijo na nishi ƙasa-ƙasa,
Ban kai Jega ba allura ta haye ja,
Bonet ya soma hucin ruwa.

Na raɓe gindin wani ƙaton marke,
Ciki na ɓararraka kamar tukunyar wake,
Na naɗe tsumma a hannu zan murɗe,
Sai ga wani dattijo bisa keke:
"Kul! Bar ta ta huce, ɗan'uwa."

Ɗantani ne, na bayan tasha.
Ya janye hannun riga, ga tabo fari sol
Daga gwiwar hannu zuwa tafi.
"Shekara talatin, in rana ta yi zafi
Har yau yakan tashe ni da ƙaiƙayi.
Ni ma ranar nan sauri nake, ka ga ribar gaggawa."

Muka ja ta da igiya zuwa rumfarsa,
Ni ko zuciya sai lissafi:
Gaskit ne, haka direbobi ke faɗi,
In gaskit ne, albasar nan kaf
Da buhunanta ba ta iya fansowa.

Sai da muka yi la'asar ya taɓa ta.
Bai ɗauki sifana ba, ido ya fara kaiwa.
Tiyon sama ya shafe, ya lotsa,
Kamar kumatun da haƙora suka bar wa kewa.
Ya murɗe murfi, aka ji fiit,
Tiyo ya cika ya miƙe.
Ya dube shi, bai ce uffan ba,
Ya sa murfin a aljihu, ya ci gaba da dubawa.

Ya zaro sandar mai ya shafa a yatsa,
Baƙi ne, bai koma kunun gyaɗa ba.
"Labbo, zuba ruwa ka tada ta."
Ya leƙa wuyan lagireto ya daɗe,
Ko ƙwayar kumfa ba ta tasowa.
Ya tara tafi a bakin salansa ya sansana,
Babu farin hayaƙi, babu danshi.
Fambel ya danna da babban yatsa,
Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji,
Muka zuba ido, ko ɗigo bai saukowa.

Sannan ya fito da murfin ya miƙo mini.
Robar ta tsage kamar faso a dunduniya,
Sifirin ya saki, tsatsa ta cinye shi,
Ga ƙyallen leda an cusa a ciki.
Na gane ɗaurin. Na Baba ne,
Shi da ba ya yarda abu ya mutu a hannunsa,
Shekara shida ke nan da rasuwa.

"Ruwan da aka danne bai saurin tafasa.
Wanga ɗan abu aikinai ukku:
Shi riƙe, in abu ya yi yawa shi saki,
In an huce shi bari a shaƙi numfashi.
Naka ya bar riƙo, ya bar buɗewa."

Labbo ya ruga kasuwa ya dawo
Da sabo a kwali, kuɗinsa bai kai
Na kwanon albasa biyu ba.
Na tambayi ladan aiki, ya harare ni,
Ya zaɓi manya huɗu daga buhun bisa,
Ya ce uwargida na son masu yaji a miyar kuɓewa.

Na haye gada magariba na kawo jiki,
Allura tsaye a tsakiya, ko gezau.
Tsohon murfin na aljihun gabana,
Da ledarsa, ban kwance ba.
In na faɗa rami yakan bugi ƙirjina,
Ni kuma ban rage gudu ba, ban kuma iya jefarwa.